Sandunan Hanyar Tazrut

Itto ce ta fara ganin motar. Guguwar ƙanƙara ta kwana tana dukan duwatsu, da gari ya waye ta lafa, sai Itto ta goya jakarta ta kamo hanya a ƙafa daga Ikis, inda take koyarwa, zuwa garinsu Tazrut. Tana tafe tana cika tana batsewa, domin jiya wuni ta yi a ƙofar makaranta tana jiran motar da aka ce za ta zo ɗaukarta hutu. Da ta iso babbar kwanar da ke ƙasan mashigin dutse, sai ta hango wani abu kwance a kwazazzabo, tayoyi biyu a sama, sarƙar da aka naɗa musu tana ƙyalli.

Farar motar Assu ce.

Ba ta san yadda ta gangara ba. Ta yi ta tonon ƙanƙara da hannu har ta kai ga ƙofa. Yana ciki, ya cusa jikinsa cikin buhunan ulu, leɓunansa sun yi shuɗi, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya dai yi hankali ya kashe inji. Da ya bar shi yana aiki don neman ɗumi, hayaƙin da ƙanƙara ta toshe wa mafita ne zai riga sanyi gamawa da shi.

"Assu! Kai, Assu, buɗe ido!"

Ya buɗe da ƙyar. "Sandunan," ya ce. "Babu sanduna a kwanar."

Ta tuɓe bargon kafaɗarta ta rufa masa, ta hau sama ta duba. Kowace kaka mazan Tazrut kan kafa dogayen sanduna masu jan kai a gefen hanya, don in ƙanƙara ta haɗe sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, direba ba ya ganin hanya, sanda yake bi. Uku ne a wannan kwanar. Yau ɗaya ya rage, na can bayan lanƙwasa. Duk wanda ya saita hancin motarsa gare shi kai tsaye, iska zai taka.

Sandan da aka danne gindinsa da duwatsu kuwa, iska ba ta tuge shi. Hannu ne.

*

A kan ƙyauren ƙofa mazan gari suka ɗauko shi. Tun kafin su iso gida Tuda, matarsa, ta fito a guje ba ko bargo, ta faɗa kansa tana kururuwa. Da ta ga bargon da ke jikinsa sai ta tsaya cak, ta yaye shi ta miƙa wa Itto ba tare da ta dube ta ba.

"Ga kayanki, Malama. Muna da namu."

Itto ta karɓa. Idonta ya sauka ƙasa, yadda ya saba duk lokacin da suka haɗu. Tsohon takalmin roba ne a ƙafar Tuda yau.

Kafin Itto ta tafi makarantar horon malamai a birnin Midelt, kowa a Tazrut ya san Assu nata ne. Ya ce ta zauna, ta ce ya jira, babu wanda ya ji ta wani. Ta dawo da karatunta, ta tarar da shi da Tuda, ƙawarta tun suna kiwon awaki. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta je bikin, ta yi rawa har aka yi mata guɗa, washegari ta nemi a tura ta Ikis, bayan dutse, inda malamai maza ke gudu kafin sanyi ya kankama. Lokacin sanyi biyu ta yi can cikin ajin da rufinsa ke ɗiga, ba ta taɓa roƙon kowa komai ba.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. An ce kishi kumallon mata ne, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin direbobi biyu a ƙauye ɗaya ba. Bassu, yayan Itto, shi ke jigilar Tazrut tun Assu bai san sitiyari ba, har ranar da Assu ya shigo da sabuwar mota fasinja suka koma can. Shekaranjiya a shagon gari, da tsohuwar motar Bassu ta ƙi tashi, Assu ya ce a gaban jama'a, "Bari in ɗauko maka ƙanwarka, tunda akwalarka ta yi ritaya." Bassu ya ce, "In ka isa Ikis cikin wannan yanayin, a aske min gemu. Kwanar nan ce za ta koya maka tuƙi." Kowa ya ji. Sannan an ga Bassu ya fita kan alfadari cikin guguwar. Sannan an ga guntun sanda mai jan kai a tsakar gidansa.

Ammi Zayid, dattijon da gari ya zaɓa ya shugabance shi a bana, ya sa aka rufe Bassu a ɗakin ajiyar hatsi. An kira jandarmomi, 'yan sandan karkara, a waya, sun ce sai motar share ƙanƙara ta buɗe hanya, watakila gobe.

"In sun zo, suna ɗaya za mu ba su," in ji Ammi Zayid. "Ba za a tafi da gari duka ba."

"Ammi, a ba ni zuwa la'asar," Itto ta ce.

"Malama, wannan ba allo ba ne. Ƙanƙara ta shafe komai."

"Ubana bai taɓa cewa haka ba."

Marigayi Moha, uban Itto, shi ne mai bin sawun yankin nan duka, tumakin da suka ɓata, dilan da ya yi ɓarna, ɓarawon da ya bi dutse. Da ya ga hankalin ɗansa na kan inji, sai ya riƙa fita da 'yarsa.

"Zuwa la'asar," in ji dattijon.

*

Bassu na zaune kan buhun sha'ir, ya haɗa kai da gwiwa.

"Dadda," Itto ta ce, yadda ake kiran yaya a nan, "ina ka je da alfadari?"

"Shan iska."

"Jandarma ma haka za ka ce masa?"

Ya ja tsaki. "Na ga abin ya wuce wasa. Shashashan nan ya fita bayan azahar, ƙanƙara na zuba kamar ana zazzage buhu. Na ce bari in bi shi in juyo da shi. Ko gada ban kai ba alfadarin ya kafe. Dabba ta fi mu hankali, ni da shi duka."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce na bi Assu don ina tsoron kada wani abu ya same shi? A gaban 'yan shago? Gara kurkuku."

"Guntun sandan fa?"

"Na bara ne, wanda ya karye. Da shi nake tokare murfin inji. Je ki duba, duk baƙin mai ne." Ya ɗago ya dube ta. "Itto, bakina ne kawai. Na ƙi jinin motar nan, Allah ya sani, har mafarkin ta kama da wuta nake. Amma hannuna bai taɓa sanda ba."

Ta je ta duba. Guntun ya sha baƙin mai har ya canza kama. Sai dai wannan ba zai ishi gari ba, gari ya riga ya ƙoshi da labarinsa.

*

Akwai mutum ɗaya a Tazrut da ba a barin itace kusa da ita. Lalla Hadda, tsohuwar da ke gidan ƙarshe, ta taɓa ƙone matakalar maƙwabcinta ta ce aljanu ne. Itto ta same ta gaban murhu tana gasa ƙafa.

"Lalla, sanyi ya yi tsanani bana. Itacenki na isarki?"

"Faɗi abin da ya kawo ki, 'yar Moha, kada ki yi min kewaye-kewayen 'yan boko. Sandunan hanya? Allah ya kiyaye. Jan fentin nan in kika ƙona shi sai ki yi tari har bazara. Na gwada bara."

Itto ta danne dariya. "To ba ki ga kowa ba?"

"Ni da ba na gani?" Tsohuwar ta zuba mata shayi daga sama har ya yi kumfa. "Jiya da hantsi dai, da farkon zubar, wata ta hau hanyar masu itace da igiya a kafaɗa. Na ce wannan ko wace ce ba ta da uwa a gida. Can kuma ta dawo, bayanta wayam, igiyar ma babu. Wace mace ce za ta hau dutse ta sauko ba ko tsinke?"

"Wace ce?"

"Bargonmu duka iri ɗaya, baƙi da fari. Da kina gari da na ce ke ce." Ta ƙanƙance ido. "Ke ma ai kina da dalili. Gaya min, mai cire sanda kike nema, ko hanyar shiga ɗakin Assu?"

Itto ta ajiye kofin ba ta ƙarasa ba.

"Yayana nake nema wa hanyar fita, Lalla."

"To, to. Rufe min ƙofa da kyau."

*

Hanyar masu itace ba ta bin titi. Tana hawa ta ƙashin bayan tudu, inda iska ta fi ƙarfi, ta faɗo daidai kan kwanar. Can Itto ta nufa, tana nutsewa zuwa gwiwa, numfashinta na daskarewa a gefen mayafi. Da ta kai saman tudun sai ƙanƙarar ta yi ƙaranci, iska ta kwana tana share ta.

A nan ta ga abin da ubanta ya taɓa nuna mata tana yarinya. Ƙanƙarar da ƙafa ta danne ta fi 'yar'uwarta taurin kai. Sabuwa za ta zubo ta binne ta, iska ta zo ta kwashe mai laushin duka, sai a bar sawun tsaye a sama, ɗaya bayan ɗaya, kamar gurasa da aka jera a kan tabarma. Ga su nan, na tafiya da na dawowa, ƙananan ƙafafu.

Ta durƙusa ta hure saman ɗaya. Taurari ne, ƙanana, zanen ƙasan takalmi, jere uku, dunduniyar hagu ta ɗan cinye ta waje.

Ba ta buƙaci dubawa sau biyu ba. Takalmin fata ne mai ruwan ƙasa, guda ɗaya tak irinsa a Tazrut. Ita ce ta fara nuna wa Assu shi a wani shago a Midelt, wata ranar kasuwa, ya ce mata wata rana. Ya cika alkawarin, a ƙafar wata. Tun daga lokacin duk hutun da ta zo sai ta ga taurarin nan a bakin rijiya, a ƙofar gidan gurasa, a laka, a ƙura. Ta san ranar da dunduniyar ta fara cinyewa. Ko sawun dila ubanta bai sa ta haddace haka ba.

Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, mai zaƙi kamar zuma a kan wuƙa. Ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta zauna cikin sanyin ta bar shi ya ratsa ta.

Amma abu ɗaya ya ƙi zama. Mai son kisa zai wurga sandunan kwazazzabo. Ɓarawo zai kai su gida. Ina suke? Sawun ya sauka kwanar, daga nan ya ɓace cikin zurfi. Ta bi titin ta ɓangaren Tazrut tana caka sandarta a tsakiyar hanya, taki kaɗan kafin lanƙwasar ta ji ta bugi itace.

Ta tone. Sanduna biyu ne, an gicciya su, an ɗaure tsakiyarsu da igiyar itace, ga 'yan duwatsu a warwatse gefensu. Ɗaya ya tsage inda taya ta taka.

Ko yaro a Tazrut ya san wannan alama. In hanya ta lalace a gaba, akan tsayar da sanduna biyu a gicciye a tsakiyar titi, direba na gani ya juya gida. Sai dai maza kan ciro su ne daga miƙaƙƙen wuri, su tara musu duwatsu har ƙugu. Wadda ta yi wannan ta ciro na kusa da ita, ta tokare su da abin da hannunta ya iya ɗauka. Iska ta kayar, ƙanƙara ta binne.

Ta zare wuƙarta ta yanko sawu ɗaya daga gindi, ta ɗora a kan faffaɗan dutse. Sandunan kuma ta goya su.

*

A ɗakin Assu aka taru, don mai ɗori ya gama, shi kuma Assu ya farfaɗo. Yana kwance kusa da murhun ƙarfe, Tuda na zaune wajen kansa. Aka shigo da Bassu. Lalla Hadda ma ta zo, ba wanda ya kira ta, ta zaɓi wuri mafi ɗumi.

Itto ta sauke sandunan a tsakar ɗaki yadda ta same su, a ɗaure.

"Wannan ai rufe hanya ne," in ji Ammi Zayid.

"Shi ne, Ammi. Ba a so ya mutu ba. So aka yi ya juyo." Ta dubi mazan da ke bakin ƙofa. "Wane direba ne zai rufe hanya da sandunan kwana? Dadda Bassu bakinsa ya fi motarsa gudu, amma ya san wannan. Ku dubi ƙullin kuma. Haka muke ɗaure itace, mu mata."

"Ke ma mace ce, Malama," wani ya ce daga baya.

"Ina Ikis, yara da iyayensu na kallona ina jira kamar wawiya. Je ka tambaya, in ƙafarka za ta kai ka."

Ta ajiye dutsen a gaban dattijon. Sawun ya fara zufa saboda zafin ɗakin, amma taurarin na nan. Sannan ta miƙa hannu bayan murhu, inda idonta ya sauka tun shigowarta, ta jawo takalmin fata mai ruwan ƙasa. An cusa masa ulu, har yanzu da danshi. Ta kifa shi kusa da sawun.

Ruwa ya fara bin gefen dutsen yana ɗiga kan shimfiɗa.

"Tuda," Ammi Zayid ya ce a hankali. "'Yata."

"Na roƙe shi." Tuda ta ɗago kai. "Na ce kada ya je, ya ce in kula da tukunyata. A gaban gari duka ya ce zai ɗauko ta. Su biyu a mota, ƙanƙara na zuba, in hanya ta toshe su kwana a Ikis." Ta juyo ga Itto, idonta jawur. "Kin zaci ban gani? Ba kya kallon fuskata, ƙafata kike kallo. Ke kin yi karatu, kina magana maza na yin shiru. Ni me nake da shi in ba shi ba? Na ce zai ga alama ya dawo ya sha miya yana zagin hanya. Shi ke nan abin da na so. Da duhu ya yi bai dawo ba, na ce ya wuce, yana wajenki. Na kwana ina tsine miki, ashe yana cikin rami."

"Da aka rufe yayana fa?" Itto ta ce. "Shi ma miya kika so ya sha?"

Tuda ta rufe fuska.

Itto ta juya ga Assu. Wannan ne lokacin da ta hau tudu ta sauko tana ɗanɗanawa. Ta jira ya janye jikinsa daga Tuda, ya ce a kira iyayenta su ɗauki 'yarsu.

Assu ya kalli rufi. Can ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi cije leɓe don zafi.

"Ku biyun nan," ya ce. "Wallahi tun da na tada mota ban tuna da ɗayarku ba. Gemun Bassu nake gani a gabana. Tun daga gada ban ganin hancin motata, na san ya kamata in juya, na ce in na juya me zan ce a shago?" Ya lalubo hannun Tuda ya cire shi daga fuskarta. "Ke kuma, sakarya, kin hau tudun nan ke kaɗai cikin wannan masifar? Da kin faɗi fa?"

Bai saki hannun ba.

Itto ta ji kamar an ɗura mata ruwan ƙanƙara. Wunin da ta yi a ƙofar makaranta, da fushin, da abin da ke ƙarƙashin fushin wanda ba ta gaya wa kowa ba, cewa mutum ba ya fitowa cikin irin wannan guguwa sai don wadda bai manta ba. Ashe gemu ne.

"Gaskiya za mu gaya wa jandarmomi," in ji Ammi Zayid. "An rufe hanya ba yadda ake rufewa ba, iska ta kayar da alama, direba kuma ya fita ranar da alfadari ya ƙi fita. In mai karayar bai kai ƙara ba, sauran namu ne. Gidan nan zai yanka rago ya ciyar da gari, a kai wa Bassu kafaɗar ragon har ƙofa, Tuda ce za ta kai da hannunta. Bassu, tafi gida."

"Gemuna dai ya tsira," Bassu ya ce. "Assu bai isa Ikis ba."

"A ajiye min hanta," in ji Lalla Hadda.

*

Washegari da rana ta fito, Itto da yayanta suka koma kwanar da sabon sanda da wanda bai tsage ba. Shi yana haƙa, ita tana jido duwatsu, manya, har tafin hannunta ya fashe. Ba ta bari ya taya ta ba. Sai da ta tara wa kowane sanda har ƙugu, ta girgiza shi da ƙarfinta duka ta ga bai motsa ba.

A kan tudu taurarin sun fara narkewa. Ta yi niyyar hawa ta tattake su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga rana ta riga ta, ta bar mata aikin.

Can ƙasa suka jiyo gurnanin motar share ƙanƙara tana tahowa.

"In hutu ya ƙare wa zai kai ki Ikis?" Bassu ya tambaya yana goge gemu. "Tawa ba ta tashi, tasa na cikin rami."

Itto ta gyara bargonta, ta buga takalminta a jikin sandan, ƙanƙarar ta zube.

"Wanda ya kawo ni," ta ce tana duban takalmin, ta yi gaba.